Soson da Mama ta Wanke

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, hannunsa na cikin ruwa har gwiwar hannu, yana dasa ciyawa a tsakuwa da ɗan hantsaki. Ta yi sallama, ta ajiye jakarta a kan teburin shagon, ta nuna wani dogon tankin gilashi.

"Wancan nake so. Da ciyayi, da fitila, da kifi ashirin, jajaye da masu ratsin shuɗi. Yau."

Mai Kifi ya ɗago kai. Ruwa na ɗiga daga hannunsa kan takalminsa bai ma sani ba.

"Tanki da ciyayi zan kai miki yau," ya ce da ya samu bakinsa. "Kifi kuwa sai bayan wata guda, ko ya ɗan fi."

"Kai mai sayar da kifi ne ko mai gadinsu?"

Ya yi dariya ya jawo mata kujera. Ya ce sabon ruwa kamar sabon gida ne da ba a haƙa masa masai ba. Kifi zai ci, zai yi kashi, kashin ya zama guba. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar, a cikin soson filta, na'urar tace ruwa, suke zama, kuma sai sun yi makonni kafin su yi yawa. Kafin nan, kullum a jefa ɗan abincin kifi a ruwan ya ruɓe, su samu na ci.

"Wato in ciyar da abin da ba na gani."

"Ƙwarai kuwa, 'yar gaggawa."

Ta harare shi, amma ba ta tashi ba. A gida Auta ake kiranta, a kemis take aiki. Tankin na Babanta ne, tsohon direban manyan motoci, wanda ya yi shekara talatin yana ganin duniya ta gilashin gaba, yanzu shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a falo yana kallon bango. Talabijin ba ta yi masa. So take ya samu abu mai motsi a gabansa.

Da yamma ya kai tankin. Ya zuba tsakuwa, ya dasa ciyayi, ya ɗiga maganin da ke kashe sinadarin ruwan famfo, ya kunna hita mai ɗumama ruwa da filta. Duk bayan kwana uku yakan dawo da 'yar kwalbarsa, ya ɗebi ruwa, ya ɗiga magani, ya girgiza. In ya yi kore, da sauran guba. In ya yi rawaya, an kusa.

Gwajin minti biyar ne. Yadda aka yi yake kai awa guda, wannan sai a tambayi Auta, wadda ta koma tashi daga aiki da wuri a ranakun nan.

"Mai Kifina," ta rubuta masa wata safiya, "ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Na kashe su ne?"

"A'a, 'yar gaggawa, haihuwa suke yi. Ki bar su. Kin karya kuwa?"

"Sai ka zo ka gwada ni da kwalbarka ka gani."

Mama ta so shi tun ranar farko, don ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya kuma goge duk ɗigon da ya zuba a tayil. Mace ce da ba ta iya ganin datti ta wuce. Baba kuwa ido kawai ya zuba daga kujerarsa. A mako na uku ya buɗe baki.

"Yaro, wa kake ciyarwa a nan?"

"Ƙananan halittu ne, Baba."

"Na kwana a tasha ta fi ɗari. Na ga mai sayar da ruwan batir a matsayin maganin ido. Amma mai ba ruwa abinci, kai ne na farko. Ba tankin nan kake zuwa dubawa ba."

Mai Kifi ya sunkuyar da kai, don rabin maganar gaskiya ce. Ya daɗe yana juya yadda zai turo manyansa, ya kuma san muddin tsohon na masa kallon ɗan damfara, ko ƙofar falo ba za su wuce ba. Sai ya yi abin da zai rage masa zuwa gidan. Ya ciro tsohon soso daga tankin shagonsa da ya shekara biyar yana aiki, baƙi, mai yauƙi, cike da halittun nan, ya kawo a leda ya saka a filtar Baba.

"Nan da kwana bakwai za a sa kifi, da yardar Allah."

"Na riƙe ka," in ji Baba.

Rana ta bakwai kowa ya hallara a falo. Ya ɗiga magani, ya girgiza. Kore shar. Ya buɗe filta, sai ga soso fes kamar yau aka saye shi, yana ƙamshin sabulu. Ya waiga. Mama na tsaye bakin kicin tana goge hannu da tawul, fuskarta a sake, ba ta san ta yi komai ba. Ya dubi Baba, wanda ciwo ya gajarta masa haƙuri, ya tuna yadda ya ji shi yana yi mata tsawa a kan kofin shayi da ya huce.

"Me ya faru?" Baba ya tambaya.

"Laifina ne, Baba. Akwai abin da ya kamata in yi ban yi ba. Sai an sake daga farko."

"To ka sake a wani gidan. Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Auta ta biyo shi da saƙo tun bai kai titi ba. "Ka faɗa mini abin da ya faru."

"Laifina ne, na faɗa."

"Da gangan ka yi don ka ci gaba da zuwa? Ka sa Baba yana mini kallon sakarya. Kar ka sake kira na."

Ya karanta sau uku a kan babur, ya mayar da wayar aljihu. Kwana biyar yana ba kifayen shago abinci sau biyu saboda mantuwa.

Akwai ɗan aminin Baba, dillalin motoci, da ya daɗe yana kai gaisuwa gidan da manufar neman Auta. Da ya ji labari, washegari ya shigo da leda uku daga wani shago, ya juye kifi talatin a tankin.

"Ga kifi, Baba. Abu na minti biyu."

Baba ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Kwana biyu yana bin su da ido, har ya raɗa wa wani mai jan wutsiya suna Tirela. Rana ta uku suka taru a saman ruwa suna haki. Rana ta huɗu Auta ta kwashe matattu shida da cokali. Baba ya ƙi cin abinci. Dillali da aka kira shi ya ce ai ba komai, gobe zai kawo wasu.

Mama ta tsaya gaban tankin ta riƙe haɓa. "Ni abin ya ɗaure mini kai. Kuma sau biyu ina wanke musu soson nan tas, har da ruwan zafi. Yaron nan da ƙazantarsa ya kawo shi."

Cokalin ya faɗi daga hannun Auta.

"Mai Kifina," ta rubuta, "Mama ta faɗa da bakinta. Ka yafe mini. Suna mutuwa, Baba ba ya cin abinci. Ka zo don Allah."

"Kar ki ba su abinci. Ki tara bokitai. Ga ni nan, abar ƙaunata."

Ya iso da jarka biyu na ruwan shagonsa. Ya tsaya a bakin ƙofa har sai da Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce ya shigo. Ya kwashe kifayen a bokiti don ya kai su shago su warke, ya zubar da ruwan, ya ɗauraye komai, ya sake saka wani baƙin soson. Wannan karon ya durƙusa gaban Mama ya yi mata bayani dalla-dalla, ya ce tun farko shi ya kamata ya faɗa mata. Mama ta rufe baki da mayafi, ido ya cika.

Baba ya sa matan su ba su wuri.

"Ka san ita ce tun ranar nan?"

"Na ji ƙamshin sabulu, Baba."

"Ka bari na kore ka kamar ɓarawo."

"Uwa ce, tsabta ta yi. Ba zan tsaya a falonta in nuna ta da yatsa ba."

Tsohon ya juya wajen bokitin kifayen.

"Tirela zai rayu?"

"Yana da ƙarfi, ina sa rai."

"Shekara talatin da takwas muna tare da matar nan, ban taɓa ɗaukar mata laifi ko na rana ɗaya ba. Ita ke ɗaukar nawa." Ya share ido da bayan hannu. "Ka turo manyanka. Wanda ya rufa wa uwa asiri ba zai tona na 'yarta ba."

Kwana goma bayan nan kwalba ta yi rawaya, kifi shida suka fara komawa, sauran a hankali. Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure. Baba ya ce ba zai je a kujera ba, ya dafa kafaɗar ango da hannunsa mai lafiya, ya taka har wurin ɗaurin auren da ƙafarsa. Da aka shafa fatiha, ya kama hannun Auta ya ɗora a na mijinta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ya sa ka gama da ita lafiya, ɗana."

Duk wurin aka amsa da amin, muryar Mama ta fi ta kowa.