Allon da Injiniya Ya Ƙi Gyarawa

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan. Baba yana alwala, ya ɗaga kai, ya ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, kuma babu ko inuwar mutum a bayan katanga. A ɗakin Auta, sabuwar kwamfutarta ta kunna kanta, allon ya cika da layuka kore da ja, ya yi ta ƙyaftawa, sannan ya koma baƙi ƙirin.

Kwana bakwai ke nan allon yana haka, tun ranar da yayanta ya taɓa ta. Injiniya ake ce masa, ba don wata takarda ba, sai don ba ya iya ganin abu lafiya lau ya ƙyale shi. A ranar, Auta ta tafi aiki, ya shiga ɗakinta ba sallama ba izini, ya share duk abin da ke cikin na'urar, ya ɗora mata wani tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta, wai shi ne na masu ilimi. Tsarin tsoho, na'urar sabuwa fil, suka kasa gane juna. Abin takaici, cikin abin da ya share har da hotunan mahaifiyarsu marigayiya, da muryarta ta minti shida, tana ɗinki tana yi wa Auta faɗan wanke-wanke. Ba su a ko'ina sai nan, kuma Auta ba ta san sun tafi ba. Kullum sai ta ce, "Yaya, ka gyara min allon nan, ina kewar muryar Umma." Shi kuwa tun kwana na biyu ya gano gyaran. Ya ƙi yi, don baƙin allon ne kaɗai ke rufa masa asiri.

Duwatsun ba su gama sauka ba Auta ta yanke jiki ta faɗi. Da ta buɗe ido, Baba ya ja da baya, domin ba 'yarsa ce ke kallonsa ba. Ya fita ba takalmi ya kira Malam, maƙwabcinsu mai ruƙiyya.

Malam ya zauna a gefen tabarma ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi kafin wata kakkausar murya ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya isa, Malam. Ba ni da faɗa da kai."

"Da wa kake faɗa? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Tun kafin a gina ɗakin nan nake gidan nan. Uwarsu ba ta taɓa zubar da ruwan zafi ba tare da bismilla ba, don kada ta ƙona min 'ya'ya. Da ta rasu, kowace yamma yarinyar nan na kunna muryarta, ni ma ina saurare. Yau kwana bakwai shiru. Ku tambayi wancan mai shisshigin!"

Injiniya ya manne da bango. "Matsalar allo ce kawai, Malam. Tsarin ne bai gane..."

"Maƙaryaci!" Kofin da ke kan tebur ya tashi ya tarwatse daf da kunnensa. "Ya duhunta allo, ni kuma zan duhunta idonsa. Ku ba ni idon nan in tafi."

"Ba a yin wannan ciniki a gabana," in ji Malam. "Ka shiga jikin wadda ba ta yi maka komai ba, kai ma azzalumi ne. Nemi abin da yake halal."

Kakkausar muryar ta sassauto.

"To ya gyara allon yanzu. Idan ta farka, ya tsaya a gabanta ya faɗi abin da ya aikata. Kada wani ya faɗa mata a madadinsa."

Malam ya dubi Injiniya, ya ce wannan kam adalci ne. Kallon da Baba ya yi wa ɗansa ya fi mari zafi.

Injiniya ya jona na'urar da talabijin don ya ga abin da yake yi, ya sauko da sabon tsarin da ya san allon daga intanet, ya kashe ya kunna. Aikin da ya ja kwana bakwai bai kai rabin awa ba. Allon ya haska tar, babu layi ko ɗaya. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, jifan ya tsaya cak.

Ta tashi zaune tana mutsuttsuka ido. Da ta hangi hasken, fuskarta ta washe.

"Kai, Yaya, ka gyara! Allah Ya yi maka albarka." Ta matsa ta ba shi wuri a kan tabarma. "Zo ka zauna. Baba, kai ma matso. Yaya, kunna mana Umma."