Kada Ka Kashe Ta

Da sassarfa ta faɗa cikin shagon, rungume da kwamfuta a buɗe, zafinta na ƙona mata hannu.

"Fankarta ta mutu. Amma don Allah kada ka kashe ta!"

Mai gyaran ya ɗago daga wayar da yake kwancewa. Ya dubi na'urar, ya dubi mai ita, ya ɗan jima a kan ta biyun.

"Malama, a yi wa mutum tiyata yana tafiya?"

Malamar lissafi ce a sakandare, ba ta iya zama wuri ɗaya. A tsaye ta yi masa bayani, tana kai da komowa tsakanin kanta da ƙofa.

"Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. Ka yi ta ninka biyu, ka cire ɗaya. Uku, bakwai, talatin da ɗaya, duk ba sa rabuwa. Sha biyar kuwa ta rabu. Wadda nake gwadawa da kwamfutar nan in an rubuta ta sai ta cika littattafai. In ta ƙi rabuwa, ni ce farkon gano ta. In ka kashe, aikin watanni ya tafi."

Ya ɗora kwamfutar a kan katako biyu, ya juya mata fankar shagon, shi ya zauna cikin zafi.

Daga nan kullum aka tashi makaranta sai ta biyo. Da farko allon kwamfutar take dubawa. Daga baya ta lura sai ta gama gaisuwa da dariya take tuna allon.

"Uwar gaggawa, 'yarki kwamfuta lafiya lau, ba zazzaɓi. Mai jinyar ne dai ba lafiya tun da kika fita," ya rubuto mata.

Ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗauka.

Wata rana ta tarar da wata budurwa a kujerarsa, tana shan ruwa a kofinsa. Ta juya ko sallama babu. Ta daina zuwa, ta daina amsa kira, alli ma karyewa yake a hannunta a aji. Sai ga saƙo:

"Ƙanwata ta ce wata kyakkyawa ta harare ta ta fita. Na ce tawa ce, haka take. Ki dawo, sanyin idona."

Ta koma, kunya kamar ƙasa ta tsage.

A gida kuwa Baba ya murtuke da ya ji labarinsu. Shi ɗan abokinsa mai kantin magani yake so mata, wanda ya taɓa kiran aikinta wasan yara.

"Mai gyaran nan biye miki yake don ya samu shiga," in ji Baba. "Mai hankali ba ya gadin lamba."

"Baba, ka je ka gan shi kawai."

"Zan je. In ce masa ya fita harkarki."

Ranar da ya je an ɗauke wuta, batirin shagon bai iya ɗaukar fanka. Ya tarar da saurayin durƙushe, rigarsa sharkaf, yana yi wa kwamfutar fifita da kwali.

"Kai, me wannan abin zai haifa?"

"Wallahi Baba, rabinsa ma ban gane ba. Amma in ta zo ta tarar ya mutu, ba zan iya kallon fuskarta ba."

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya naɗe hannun riga.

"Kawo kwalin. Hannunka ya gaji."

A haka ta same su. Ta dafe ƙofa tana kallonsu.

Da sakamakon ya fito, lambar rabuwa ta yi. Ta zauna a kujerarsa, karo na farko ba ta ce tana sauri ba, ta yi kuka mai isarta. Ya bari sai da ta share ido.

"Akwai wata lambar a gabanta, ko?"

"Ba sa ƙarewa."

"To mu gwada ta a gidanmu. Na gaji da rufe shago ina kewar mutum biyu, ke da 'yarki."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ranar ɗaurin aure Baba ya kira su gefe.

"Ba ta da haƙuri, kai kana da shi. Ka ba ta rabi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a tagari."

Suka amsa da amin tare, ita ta ɗan riga shi.