Cokalin Baba

Fuskar gidan kaɗai aka yi wa fenti. Kujerun falo na maƙwabta ne, labulen ma haka. Baba kuwa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye har magana ta gagare shi, an mayar da gadonsa ɗakin baya, an ja ƙofa.

"Mama, wannan fa fakejin ne," in ji Auta, idanunta jawur.

"Mene ne kuma haka?"

"Turanci ne. A ƙawata kwali don a ɓoye abin da ke ciki."

"To riƙe Turancinki. Manema nawa suka ga ubanki kwance, danginsu suka ce a jini ciwon yake, suka janye? Malamin nan da ke nemanki ya sani, amma gwaggon da ta raine shi ce mai cewa a yi ko a fasa. Idan ta tambaya, ya yi tafiya."

Son malamin ya kai Auta inda ko abinci ba ta iya ci.

Da hantsi Gwaggo ta iso, 'yar tsohuwa mai kaifin ido. Ana gama gaisawa ta ce, "Ina maigidan?"

"Ya yi tafiya," in ji Mama.

Sai ga ƙara daga ciki, ƙwas, ƙwas. Baba ne ke buga cokali a ƙarfen gado. Haka yake kira idan yana so a juya shi.

"Kafintan maƙwabta ne," Mama ta ce da sauri, tana take ƙafar Auta.

Ƙarar ta sake zuwa, a raunane. Auta ta miƙe, hawaye na zuba.

"Gwaggo, ki gafarce mu. Mahaifina ne. Idan ya daɗe a gefe ɗaya fatarsa salewa take yi."

Ta fice tana ji a ranta auren ya tafi ke nan. Tana kokawar ɗago shi sai wani hannu ya tallafi kafaɗarsa.

"Ba haka ba, 'yar nan, fara sa filo tukuna," in ji Gwaggo. "Tun bugun farko na gane. Marigayi mijina da kofi yake bugawa. Jira nake in ga ko gidan akwai mai tashi."

Ta waiwayi Mama, wadda ta tsaya a bakin ƙofa kanta sunkuye.

"A mayar wa mutane kujerunsu. Tabarma ta ishe mu maganar aure."

Fenti iyakarsa bango. Wanda zai zauna da kai, ko ba daɗe ko ba jima sai ya shiga ɗakin baya, kuma abin da ya tarar a can shi zai riƙe shi.