Wanda Ya Goge Darussan Malam

Matar Malam ce ta kawo ƙara, ba makarantar ba, kuma wannan bai yi wa Sufeto daɗi ba.

Mijinta ya yi shekaru yana ɗaukar darussa a bidiyo don 'yan koyo: yadda kwamfuta ke ajiye fayil a faifai, da yadda take tuna inda ta sa shi. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai a faifan makarantar, yau kuma an wayi gari faifan wayam.

Sufeto ya duba ƙofar ɗakin kwamfutoci. Kwaɗo lafiya lau.

"Akwai kwafi?" ya tambayi shugaban makarantar.

"Akwai mana, ranka ya daɗe."

"Kawo."

Shugaba ya yi ta lalube a durowa, daga ƙarshe ya amsa cewa ya ɗora hotunan talla a kan faifan kwafin. Sakarci ne, amma doka ba ta ɗaure sakarai, abin da ya daɗe yana ci wa Sufeto rai.

Kofur mai duba na'urori ya ɗago kai. "Yallaɓai, gogewa ta yau da kullum sunan fayil kawai take cirewa, kayan na nan. Da ita ce, da na dawo da su. Wannan an bi faifan kaf an rubuta sifiri a kai."

Sufeto ya leƙa aji. "An koya muku wannan?"

"A'a," in ji wata ɗaliba. "Darasin ƙarshe ne, ba a nuna mana shi ba. Dogo ne ya riƙe wa Malam kyamara."

Dogo tsohon ɗalibin Malam ne, shi ke riƙe da ajin yanzu. Aka kira shi.

"Ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, yallaɓai," in ji Dogo.

"Tun da safe ka gaya wa matar Malam su haƙura, ba za su dawo ba. Kofur sai yanzu ya gano haka. Kai wa ya gaya maka?"

Dogo ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Kullum na buɗe baki sai su ce in kunna musu Malam. Shugaba ma ya ce tunda bidiyo na nan, zaman me nake yi? Mutum ba ya ko magana, amma ya hana a saurare ni."

Aka sa masa ankwa. A baranda matar Malam na tsaye bayan keken mijinta. Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana gaida Dogo, don ba wanda ya gaya masa komai tukuna.

"Ɗana," ta ce da Sufeto a hankali, "ko ɗaya ba za a samu ba? Jikokinsa da aka haifa bana ba su taɓa jin muryarsa ba."

Sufeto ya so ya yi mata ƙarya, ya kasa.

"Ko ɗaya, Mama. Malam ya koyar da Dogo sosai."