Ruwan Rijiyar Malam Sodangi

A bikin baje kolin kimiyya na garin Isa ne Bara'atu ta fara ganin Zayyanu, kuma wallahi a ranar ta tsane shi.

Shi ke da rumfar da ake duba ruwa a na'ura. Ita kuwa ta kawo na rijiyar babanta, Malam Sodangi, wadda ya gina sadaka, rabin unguwa na sha. Zayyanu ya ɗiga ɗigo guda, ya haska a allo. Sai ga wasu halittu suna ta wutsil-wutsil.

"Ruwan ga bai shayuwa sai an tafasa," in ji shi, a lasifika kuma.

Wata mai baki ta faɗi sunan mai rijiya, aka bushe da dariya. Kafin la'asar ko yaro bai zuwa ɗiba, tsoho ya kasa fita ƙofar gida don kunya.

Zayyanu ɗan rashin ta-ido, har da nemo lambarta ya kira ta.

"Ki yi haƙuri, ban san ta gidanku ce ba."

"Riƙe haƙurinka. Gobe za ni rama."

Washegari ta shiga gidansu Zayyanu, ta roƙi innarsa ruwan sha, ta juye a kwalba, ta dire masa a rumfa.

"Duba wanga, mai ilimi."

Ya haska. Abin ya ninka na jiya.

"Na randar innarka ne," ta ce a hankali. "Sai mu ga ko ka iya faɗi."

Ya ɗauki lasifika. "Jama'a, wanga na gidanmu ne, ya fi na Malam Sodangi muni. Laifin gugan da muke yasarwa ƙasa ne, ba na mai rijiya ba."

A nan fushinta ya fara sanyi. Wata uku tana masa tsiwa a waya, yana kiranta Zakanyata, har ta daina hana shi.

Da maganar aure ta taso, innarsa dai ta ce atafau. "Wadda ta sha ruwana ta kai ni kasuwa?" Sai da Bara'atu ta je ta durƙusa mata har sau biyu.

Da magabatan Zayyanu suka zo, Malam Sodangi ya daɗe yana hararar tabarma.

"Har yau ina jin haushinai," ya ce. "Amma wanda bai yi ƙarya don uwatai ba, bai yi wa ɗiyata. Na ba shi."

Ranar Asabar aka ɗaura. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.