Mai Shayar da Kankare

"Kai! Kai mai bokiti! Wa ya ba ka ruwanmu?"

Malama Hindatu ce, da alli a hannunta, ta baro 'yan aji uku suna leƙe ta taga. Bazarar 1978 ce, rijiyar firamaren Kebbe ta kusa ƙafewa, amma ga wani dogon saurayi da hular kwano yana ja yana kwararawa a kan ƙaramin kwalbatin da aka zuba jiya a bakin hanyar Tambuwal.

"Tankar kamfani ta lalace, Malama. Kankare nika shayarwa."

"Yara na fama da ƙishi kana ba dutse ruwa? Lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Kwana bakwai yake sha. In ya bushe da wuri, tsagewa zai yi."

Ta fizge gugar ta yi tafiyarta tana huci. Washegari ta hango shi a kan keke da garwa biyu, daga tafki yake. Bai wuce ba sai da ya cika randar makaranta. Haka ya yi har kwana shida, a na bakwai ta tambayi sunansa.

Dikko ne, ɗan Tambuwal. Su shida ɗalibai jami'a ta turo kamfanin da ke aikin hanya, bisa wata sabuwar yarjejeniya: wata shida a fagen aiki, su koyi tafiyar da aikin kankare. In an ji daɗinsu, baɗi kamfani zai karɓi ashirin.

Ita dai Mai Bokiti take ce masa. Shi kuwa Malamata.

Matsalar tana cikin gidan su Hindatu. Mahaifinta, Na'Allah, shi ne babban maginin ƙasa na garin, kuma shi kamfani ya ɗora a kan magina. Ranar da kawun Dikko ya zo neman izinin aurenta, Hindatu na bayan zana tana jin komai.

"Shekara arba'in nika gini," in ji Na'Allah. "Ruwa shi ne abokin gabar gini, kowa ya sani. Yaron da boko ya juya wa kai har yana jiƙa gini da hannunsa, shi zan ba ɗiyata? Ku tashi ku ba ni wuri."

Wanda ya fi kowa murna shi ne Maccido, direban tankar, wanda ya yi shekara yana zarya ƙofar gidan ba a ko ba shi tabarma.

Ana cikin haka aka zuba babban kwalbatin rafi. Dikko ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, ya bar wa Maccido sallahun ban ruwa, ya tafi Sakkwato kai wa malamansa rahoto. A ranar Na'Allah ya shigo gida yana fara'a.

"Na yaye tsummokaran nan da yaron ya lulluɓa wa kwalbati. Maccido ya ce gaskiyata, ya juya da motarsa. Yau gini ya sha rana yadda ya kamata."

Kwana uku bayan nan kwalbatin ya tsattsage kamar busasshen taɓo.

Da la'asar Maccido ya tare ta a hanyar makaranta yana murmushi.

"Kin ji aikin Mai Bokitin naki? Ya rubuta wa manaja sunan Baba. Jibi za a kori tsohon gaban leburori."

Ba ta ko zauna ba. Ta yagi takarda daga littafin aji, alƙalami har yana huda ta.

"Dikko. Tsohon da ya gina rabin garin nan za ka tozarta don ka wanke kanka? Ya ƙi ka, shi ne za ka rama? Kar ka ƙara bi ta makarantarmu. Randar ma ba mu so. Hindatu."

Amsa ta iso da safe ta hannun mai gadin makaranta.

"Malamata. Ko gaisuwa babu? Sunana kaɗai na rubuta. An turo ni in tafiyar da aiki, na ba da umarni ban zauna na gaya wa Baba dalili ba, saboda ina jin haushinsa. Laifina ne. Manaja ya ce gobe mu shida mu tattara, yarjejeniya ta ƙare. Wannan na iya ɗauka. Fushinki ne ban san inda zan sa shi ba. Mai Bokitinki."

Ta karanta sau biyu, fushin ya juya wani wuri. Ta iske mahaifinta a zaure yana gyaran magwajinsa, ta durƙusa.

"Baba, ka gafarce ni, yau sai na yi magana."

Ta karanta masa har ƙarshe, ban da layin ƙarshe. Na'Allah ya miƙe.

"Ni? Ni yaro zai ɗaukar wa kaya? Wa ya roƙe shi?"

Washegari ta jera 'yan ajinta a bakin hanya wai darasin ƙasa za a yi. Manaja ya iso a motarsa Landiroba, ɗalibai shida na tsaye da akwatunansu. Kafin ya buɗe baki Na'Allah ya ratsa leburori.

"Ni na yaye buhu! Wancan kuma," ya nuna Maccido, "ya san ba daidai ba ne ya zuga ni. Kai kuma mai takarda, da bakinka ciwo yake? Ka ce min siminti ba ƙasa ba ne mana!"

"Na yi kuskure, Baba."

"Ka yi! Yanzu gaya mani, ina ji."

A nan tsakiyar rana Dikko ya ɗauko gutsuren tsohon kwalbatin makaranta da na sabon, ya miƙa masa guduma. Na sabon ya ruguje a bugu ɗaya. Na makarantar kuwa sai da gudumar ta yi tsalle. Na'Allah ya daɗe yana jujjuya shi a tafinsa.

Manaja ya ce a mayar da akwatuna, a sake zubi, kuma daga yau duk ɗalibin da ya zo sai ya zauna da magina kafin a buɗe buhun siminti. Maccido kuwa aka sallame shi, ya miƙa makullin tanka.

Kwana bakwai Na'Allah da kansa ya riƙe bokiti, yana zubawa yana faɗa. A na takwas ya aika Tambuwal cewa dangin Dikko su zo.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da motar amarya ta kawo kan kwalbatin, tsohon ya tsayar da ita, ya buga ƙafa a kan kankaren sau uku, sannan ya leƙa taga.

"Ku wuce, ni na shayar da shi. Allah Ya yi muku albarka. Kai kuma, in ta yi fushi, ka gaya mata dalili tun da wuri."

Daga cikin lulluɓi Hindatu ta ce, "Ka dai ji, Mai Bokiti."