Allin da Aka Ɗaure da Zare

A wata makarantar firamare a Suleja, a shekarar 1994, an yi wata yarinya 'yar aji shida mai kyan rubutu. Idan ta riƙe alli, har malamai kan tsaya su kalla. Ga ta da himma, ba ta san makara ba. Don haka aka naɗa ta shugabar ƙungiyar lambun makaranta.

'Yan ƙungiyar sun dasa tumatir a bayan ajinsu. Hedimasta ya ce in tumatirin ya yi kyau, zai ƙara musu fili. Kowace Laraba sukan yi mitin su tattauna aikin lambu. Amma mitin ɗin akwai surutu. Wannan ya faɗa, wancan ya musa.

Wata rana yarinyar ta je wurin Malam Nehemiya, mai kula da ƙungiyar.

"Malam, mitin ɗin nan ɓata lokaci ne," in ji ta. "A ba ni allo. In rubuta abin da za a yi, kowa ya karanta."

Malam ya yi murmushi. "Allo yana da amfani. To, in wani yana da magana fa?"

"Ai zan tsara komai daidai, Malam."

"To, gwada mu gani."

Aka kafa allo a bakin lambu. Gaskiya allon ya yi kyau. Layi a miƙe, haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar jerin gwano. Da ta gama rubutu sai ta jefa allin a aljihu, don kada wani ya ɓata mata aiki.

Hutun Disamba ya matso. Ta zauna ita kaɗai ta raba wa 'yan ƙungiyar kwanakin ban ruwa, ta rubuta a allo. Ta ɗauki makon farko. Mako na biyu ta ba Esta da Fidelis. Bamalli kuma ta ba shi kwanakin ƙarshe.

Ranar da za a tafi hutu, ta ga wani ya yi ɗan rubutu da gawayi a ƙasan allon. Ranta ya ɓaci. Ko karantawa ba ta yi ba, ta sa tsumma ta goge.

Ta yi makonta ba fashi. Safe da yamma tana jan ruwa a rijiya. Ta bar tumatir kore shar.

Ranar da aka koma makaranta, ta ruga lambu. Sai ta tsaya cak. Fiye da rabin tumatirin ya bushe. Bamalli na tsaye da bokiti a hannu.

"Haka na tarar da su," in ji shi. "Waɗannan kaɗai na iya cetowa."

Ta juya ga Esta cikin fushi. "Ba ki ga sunanki a allo ba?"

"Na gani," in ji Esta. "Amma kowace Kirsimeti muna Izom wurin kakata. Su Fidelis ma sun tafi garinsu, kamar kowace shekara. Na nemi alli ban samu ba, kina ta sauri ba ki saurare ni ba. Shi ne na rubuta da gawayi."

"Ni kuwa ina gida ba abin da nake yi," in ji Bamalli. "Da an tambaye ni, da na karɓi makon."

Kunya ta rufe yarinyar. Ta tuna tsumman nan, sai hawaye ya zubo mata.

Malam Nehemiya ya zo ya dafa kafaɗarta. "Allonki ya iya faɗa, amma bai iya ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Abin da ta yi bayan haka ya burge kowa. Ba ta ɗora laifin a kan wani ba. Da kanta ta bi aji-aji ta kira mitin. Ta miƙe a gaban kowa ta ce, "Laifina ne. Esta, ki yafe mini. Yanzu me kuke gani za mu yi?"

Aka yi surutu kamar da, amma wannan karon ta kasa kunne. Fidelis ya ce mamarsa tana da ragowar iri. Esta ta ce a rufe gindin shukar da ciyawa, kamar yadda kakarta take yi. Yarinyar ta rubuta abin da aka amince da shi a allo.

Sannan ta ja layi ta raba allon biyu. Ta bar gefe ɗaya fili. Ta ciro allin daga aljihunta, ta ɗaure shi da zare a jikin ƙusa.

"Wannan gefen naku ne," in ji ta.

Kafin hutu na gaba, tumatir ya yi ja jawur, hedimasta ya cika alkawari. Esta ce ta rubuta labarin a allo. Rubutunta a karkace yake, amma yarinyar ba ta goge ba.

Sanarwa tana da kyau, amma a fara jin ta bakin kowa kafin a rubuta ta.